Jan Jirgin Saja

Gwiwoyin mijina ni na san su, ba likitan bariki ba. Tun da ya tuɓe kakin soja ya dawo Zuru nake shafa musu man kaɗe safe da yamma, ina dannawa yana cije baki. Ta hagu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, ta dama kuwa kumbura take yi da zarar hadari ya haɗo. Saboda su ne fasto ya yi masa izinin zama lokacin addu'a, kowa na durƙushe shi yana bisa kujera. Kujerar ma ni ke ɗaukar ta a ka duk Lahadi, daga gida har coci, don bencin can ya yi masa ƙasa. Shekara da shekaru ina wannan, ban taɓa cewa na gaji ba.

Ban yi makaranta ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, na kuwa gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta wanke ubanta. Saja nake ce masa, da muƙamin da ya bar soja da shi. Shi kuma Maman yara yake ce mini, ko da yake yaran duk sun yi gemu ko sun yi goyo.

Muna da gona a ƙetaren rafi. Ta ubana ce. A cikinta Saja ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai a wurinmu kafin a ba shi mata. Ya daɗe yana duƙe a gonar nan shi da abokansa kafin a ba shi ni, daga baya ta dawo hannunmu. Da akwai kwalbati a mashigin, ruwan wata damina ya tafi da shi, ba a sake ginawa ba. Da rani akuya ma tana tsallakawa. In marka ta zauna kuwa, ruwan yakan kai ƙirji, ja wur, yana gudu tsakanin duwatsu, sai dai a zagaya ta babban titi a kan babur, tafiyar da ke cinye rabin yini. Na sha ce masa ya bar wa 'ya'yan ƙanensa da ke zaune can ƙetare su noma, su kawo mana abin da suka ga dama. Ya ce gonar da ya samo mata a cikinta ba zai aika wani ya duba masa ita ba.

Babban ɗanmu shi ma soja ne, yana aiki can kudu, ƙasar ruwa. Shi ya ji ubansa na kukan rafi a waya, sai ya aiko da abin a saman motar haya, an ɗaure shi tare da buhunan shinkafa. Jirgi ne na roba, ja kamar barkono, gajere, rufe yake daga sama sai wani rami a tsakiya inda mutum ke zura ƙafafu ya zauna. Filafilinsa kai biyu ne. Ɗan namu ya ce sunansa kayak, wai Turawa ne ke wasa da irinsa a ruwa mai gudu, don haka an yi shi ne domin rafi kamar namu. Ni ban taɓa kiransa da sunan ba. Abin nan nake ce masa.

Ranar farko Saja ya shiga a tsakar gida. Ya zura ƙafafu, ya zauna, sai baya ya riƙe. Ga tumbi, ga ƙugu da ba ya lanƙwasuwa. Sai da na kira maƙwabta aka zaro shi kamar ana fitar da ɗan akuya daga tukunya. Na ji daɗi ranar. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara tunanin abin zai yi kyau da zuba wa awaki dusa.

Washegari na same shi tsugune a gefensa yana leƙa ciki.

"Maman yara, na gano inda matsalar take. Zaman ne bai dace ba. Masunta da na gani a Yawuri ba sa miƙe ƙafa kamar masu jego. Durƙuso zan yi, in tuƙa da filafili mai kai ɗaya. Kwalekwale zan mai da shi."

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Na ce, "Me za ka yi?"

"Durƙuso."

"Da wace gwiwar?"

"Da tawa mana."

"Gwiwar da ta ƙi durƙusa wa Allah ranar Lahadi, ita za ta durƙusa wa roba ranar Litinin? Ashe kujerar da nake ɗauka a kaina wasa ake yi da ni?"

Ya ce wannan daban ne, ai sirdi zai yi wanda zai ɗauki nauyinsa, gwiwa taɓa ƙasa kawai za ta yi. Bai ko ɗago ya dube ni ba.

Daga ranar gidana ya koma wurin aiki. Ya kwance kujerar da ke cikin jirgin ya jefar bayan rumbu. Ya aro zarto ya faɗaɗa bakin ramin, garin jan roba ya watsu ko'ina, kajina suna tsattsaga. Filafilin nan mai kai biyu ya yanke shi, ya kai wa kafinta aka sa masa marikin katako a sama. Duk wannan ina kallo. Ni mai kallo ce, ba abin da ke shiga gidana ya fita ban gani ba.

Abin da ban gani ba sai da aka gama shi ne katifa. Na dawo daga kasuwa na shiga ɗaki in gyara shimfiɗa, na ga zanen gado ya lotsa daga wajen ƙafa. Na ɗaga. An yanke soso, babban yanki, a gefena.

Na fito da zanen a hannu. Yana zaune yana datsa soson da wuƙar yankan namana.

"Saja, mene ne wannan?"

"Sirdi."

"Daga ina?"

"Ai ke gajera ce, ƙafarki ba ta kaiwa can. Wurin a banza yake."

Ban san lokacin da na bar Hausa na koma yarenmu ba. Abin da na gaya masa ba na rubutawa ba ne. Katifar nan ɗiyata ta saya mini lokacin da na yi jinyar baya. A ce wurin a banza yake!

Soson ma bai yi ba. Ruwan sama ɗaya ya sha, ya kumbura ya yi nauyi, in ya hau sai ya nutse har ƙasa ruwa na tsiyaya. Bayan kwanaki ya fara wari. Ya ciro shi ya jefar, katifata ta tafi a banza da gaske.

Sai mai gyaran takalmi na bakin tasha ya ba shi shawara, ya ce silifas ba ya shan ruwa. Nan aka shiga abin kunya. Tsohon saja, mai fansho, dattijon da ake gaisarwa a durƙushe, yana bin gida-gida da buhu yana roƙon tsinkakken silifas. Matan zumuntar cocinmu suna tare ni a hanya suna cewa, "Mama, ga ƙafa ɗaya mun ajiye wa Baba." Suna dariya, ni ina murmushin dole. Ya tara su, ya cire igiyoyin, ya kankare, ya jera ɗaya bisa ɗaya da gam ɗin takalmi, shuɗi, kore, rawaya, har suka yi tudu. Ya sassaƙa tudun da wuƙa ya zama kamar sirdin jaki, ya manna a tsakiyar jirgin. Ya yi wasu ƙanana biyu inda gwiwa za ta zauna. Gaskiya aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. A tsakiyar sirdin kuwa na hango wani kore mai sabon tambari. Nawa ne na zuwa rijiya, ko wata bai yi ba.

Abin da ya fi katifa da silifas ci mini rai shi ne wannan. Ya tambayi kafinta. Ya tambayi mai faci. Ya tambayi mai gyaran takalmi, ya tambayi ɗan kudun nan mai shagon kayan gini, ya kira ɗansa a waya ya fi a ƙirga. Duk maza, duk ba wanda ya taɓa durƙusawa ya wuce tsawon gaisuwa. Ni kuwa tun ban kai tsayin turmi ba nake durƙushe gaban dutsen niƙa. Kafin injin niƙa ya zo garinmu, duk tuwon da Saja ya ci a gwiwata aka niƙa shi. Ina zaune gefensa ina tsince wake, bai taɓa juyowa ya ce, Maman yara, yaya ake daɗewa a durƙushe ba.

Na gaya masa duk da haka, don ba na son wata rana a ce na sani na yi shiru.

"Ba gwiwa ce ke fara kashe mutum ba, idon sawu ne. In ka daɗe kana danne saman ƙafarka, ƙafar mutuwa take yi. Ka tashi ka ji ba ka da ita. Ka sa gammo a ƙarƙashi."

Ya yi dariya. "Niƙa daban, tuƙi daban. Ke dai ki ji da wakenki."

Na lura da gwajin da yake yi. Ya hau sirdin, ya yi kamar yana tuƙi kaɗan, ya sauko ya ce lafiya lau. Bai taɓa zama ya kai tsawon tafasar ruwan koko ba.

Sai kuma ya dawo daga gareji da bel ɗin kujerar mota guda biyu. Ya huda jirgin ya ɗaura su da noti, su ratsa saman cinyoyinsa su kama shi da sirdin. Ya ce in ba a ɗaure ba, jirgin zai juya gefe shi ya juya gefe.

A nan tsoro ya shigo cikin fushin. Ban taɓa kiran tsoron nan da baki ba sai yau. Tsorona ɗaya ne, abin nan ya kife da shi yana ɗaure a ciki, kansa a ƙasa. Yaƙi bai ci mutumin nan ba, daji bai ci shi ba. Na yi shekaru ina jiran a zo a ce mini ya mutu a wata ƙasa, Allah ya dawo mini da shi. Yanzu in rasa shi a rafin da nake wanki, ɗaure da bel ɗin wata matacciyar mota?

Na ce, "In ya kife wa zai kwance ka?"

Ya danna jan maɓallin, bel ya buɗe. "Kin gani? Ƙas, an gama."

"A tsakar gida ke nan. Rafin nan yashi yake ɗauke da shi."

"Soja ne ni, Maman yara."

"Da ne. Yanzu tsoho ne kai."

Na sa aka kira mini ɗanmu a waya. Na ce, "Kai, ubanka ka aiko wa jirgi ko akwatin gawa?" Ya ce in kwantar da hankalina, Turawan ma ɗaure kansu suke yi, in ya kife sai su murɗa ƙugu su tashi da shi. Na ce, "Ƙugun ubanka da ba ya iya ɗaure igiyar takalmi?" Sai ya ce layi ba kyau.

Abu ɗaya na ci nasara a kansa, na tilasta a yi gwajin farko a wurin wankin mata, inda ruwan ya fi faɗi bai kai sauran zurfi ba, kuma da rana tsaka. Na tafi da kayan wanki, na soke lauje a ƙuguna, na ce ciyawar awaki zan yanko.

Jama'a ta taru kamar ana biki. Aka ɗora jirgin a bakin yashi. Saja ya hau, ya durƙusa, ya ja bel ya ɗaure tam. Yana shirin cewa a tura shi sai wani dattijon cocinmu, abokinsa tun zamanin golmo, ya ɗaga hannu ya ce ba a fara sabon abu ba addu'a. Maza suka cire huluna.

Mutumin nan duk Zuru an san addu'arsa. In ya fara sai tuwo ya huce. Ya fara daga jirgin Nuhu. Ya bi ta Yunusa da kifi. Ya ƙetare Bahar Maliya da Isra'ilawa, ya dawo kan almajiran Yesu a cikin guguwa. Kowa ido rufe, ni nawa a buɗe, a kan ƙafafun mijina da ke leƙowa ta bayan sirdi. Da farko yatsun suna motsi. Can suka rage. Can suka tsaya cak, tafin ya yi fari-fari.

Na ce "Amin" da ƙarfi. Dattijo ya ɗan tsaya, ya ci gaba, ya shiga yi wa sojojinmu da ke bakin daga addu'a. Na sake cewa, "Amin, Dattijo, ƙafarsa ta mutu!" Wani ya ce, "Haba Mama, ana gaban Ubangiji." Saja ya buɗe ido ɗaya ya harare ni.

Da aka gama aka tura shi. Da farko abin ya tafi daidai, yana tuƙi gefe ɗaya, jirgin na yanka ruwa, maza suna tafi suna cewa, "Sai Saja!" Ya kai tsakiya, inda ruwa ke zagaya wani baƙin dutse ya dawo. Ruwan ya bugi hancin jirgin. Ya so ya danna da ƙafa ya daidaita, ƙafar babu. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Sai jirgin ya kife, jan ƙasansa ya juyo sama.

Na tsaya numfashi ɗaya ina jiran in ga kansa. Bai fito ba.

Mazan nan suna gudu a bakin rafi suna ihu, wasu har da waya a sama suna ɗaukar hoto. Ban san yadda na shiga ba. Ruwa ya kai mini wuya, yana jan zanena. Matan da ke wanki suka biyo ni, mu muka san inda duwatsun ƙasa suke. Muka kama gefen jirgin muka ɗaga, kansa ya fito yana aman ruwa, hannunsa na kan maɓallin yana dannawa, yana dannawa, abin ya cika da yashi ya ƙi. Na zaro laujen na yanke bel ɗin, ɗaya, na yanke ɗayan. Sai a lokacin maza suka shigo suka ja shi waje. Da aka tsayar da shi ya zube kamar buhu, ƙafafun ba sa ɗaukar sa.

Na durƙusa ina murza masa su. Ya yi tari, ya yi tari, ya buɗe baki. Kun san abin da ya fara faɗi?

"Ina filafilin?"

Na saki ƙafar ta faɗi a yashi, na kwashe wankina na yi gida.

Na yi niyyar sa gatari in raba abin biyu. Na ma wasa gatarin. Abin da ya hana ni, kwanakin da suka biyo baya mutumin nan ya daina magana. Ya ɗauki kujerarsa ya kai bayan gida inda ake hango ƙetare, ya zauna yana kallon dawarsa da ciyawa ke shaƙewa, lokacin maimai na wucewa. In na kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture. Ko gardama ya daina yi da ni. Na san mijina, in ya daina gardama to ƙasa yake yi. Na ga in na fasa jirgin, a kujerar nan zan rasa shi, a hankali, ina kallo.

Wannan ya ƙara mini haushi, don an bar ni ba zaɓi.

Na jawo abin zuwa tsakar gida. Na naɗa gammo biyu da tsohon zane, masu tauri, na ɗaure su inda idon sawu zai kwanta. Na kwance ragowar bel na jefa a masai. Na buɗe akwatina na ciro majanyin saƙi, wanda na goyi duk 'ya'yansa da shi. Na ratsa shi ta ƙarƙashin sirdin.

"Taso ka hau."

Ya dube ni. "Da majanyi za ki ɗaure ni? Ni jariri ne?"

"Jariri ya fi ka jin magana. Hau."

Ya hau. Na ja majanyin ta saman cinyoyinsa, na murɗa, na soke bakin kamar yadda ake soke goyo, na bar masa jela a gaba. Ɗaurin da ke riƙe yaro uwa na noma tun safe, amma in yaro ya ƙware, ja ɗaya ya sauko. Na ce ya girgiza, ya girgiza, bai motsa ba. Kwatsam na kama gefen jirgin na kifar da shi a ƙasa. Ya yi ihu. Na ce, "Ja jelar!" Ya lalubo ya ja, ya mirgino waje, ƙura a gemu. Na ce a sake. Haka muka yi ta yi, har da ido rufe, har hannunsa ya san wurin ba sai ya nema ba. Shi ma daga baya ya ɗaura jarkoki a gefe da gefe don kada ya yi saurin kifewa. Wannan dabararsa ce, ta kuwa yi amfani.

Na kafa masa sharaɗi, ban nemi yardarsa ba. Addu'a a gida za a yi ta, a tsaye, kafin a ɗaure shi, kuma Dattijo ba ya ciki. Ni ke ɗaurewa, ba wani ba. In ruwa ya rufe dutsen da nake buga wanki a kai, ba ƙetare ranar, ko dawa za ta mutu. Majanyin a akwatina yake kwana.

Ya yi maimansa a waccan daminar, ya kuma yi na bana. Ranar Lahadi kuwa na daina ɗaukar kujera. Yanzu da gammonsa yake zuwa coci a hamata, ya durƙusa tare da kowa, fasto yana cewa Allah ya yi abin al'ajabi. Katifar na juya ta, yankakken gefen ya koma nasa, dogayen ƙafafunsa suna kwana a kan katako.

Har yau bai ce mini na gode ba, kuma har yau bai ce na yi gaskiya ba. In ana hira a bakin tasha cewa yake yi shi ya ƙera jirginsa da hannunsa. Duk ranar da zai ƙetare, ni ke soke masa majanyi, in ja da ƙarfi fiye da yadda ya kamata har ya ce wash. Sannan in tsaya a kan dutsen wanki, lauje a ƙugu, ina kallon jan abin nan yana zagaye baƙin dutse. Ba na zama sai na ga ya taka yashin can da ƙafafunsa biyu.